Ƙyauren Yana Wurina

Alhamis, da hantsi

Ƙyauren yana wurina. Na jingina shi da bangon shago, bayan tarin katako, kwaɗon na rataye a jikinsa kamar kaska a kunnen kare. Mai so ya zo ya ɗauka in gani.

Fasto ne ya ce in riƙa rubuta abin da ke cina maimakon in riƙa miƙewa ina faɗa a taron coci. To ga shi ina rubutawa. Ban yi makaranta ba, ajin manya na shiga bayan furfura ta fito, rubutuna kamar kaza ta taka laka ta bi ta kan takarda. Wanda bai iya karanta shi ba ya bari, ba shi na yi wa ba.

Surukata, matar ɗana Auta, tana ɗakin marigayiya matata. Ta sha shayi. Burodin kuwa sai da ta jiƙa shi, kuma da gefe ɗaya take taunawa.

Alhamis, da yamma

Auta bai zo ba. Ya dai kira waya ya ce ni ɓarawo ne. Na ce to, ka kai ƙara, ka ce tsoho ya sace abin da ya yi da hannunsa.

Juma'a, da safe

Ni na yi ƙyauren nan na ɗakin kwanansu, lokacin aurensu. Katakon da na ɓoye shekaru ina jiran aikin da ya isa shi. Na ce wa yarinyar, 'yata, ba ni da zinariya, ga kyautata. Na sa masa sakata daga ciki, da makulli irin mai buɗewa ciki da waje.

Kowa a layin nan ya san dokata. Sito, shago, ɗakin kaji, in sa maka kwaɗo nawa kake so. Amma ɗakin da ɗan Adam ke kwana a ciki, hannuna ba ya sa masa kwaɗo ko sakata ta waje. Na rasa ayyuka a kan haka. An ce da ni mai taurin kai, an ce da ni tsoho mai aljanu. Duk na ji, kuma ban mutu ba.

Shekaranjiya na je gidansu ne don damina ta kumbura ƙyauren, na ce bari in rage masa baki. Auta ya gaya wa mutanen coci matarsa ta tafi ganin dangi. Na buɗe ƙofar waje da makullin da ke wurina. Ga keken ɗinkinta a falo, da zare a allura. Ga takalmanta a bakin ɗaki. Ga kwaɗo a jikin ƙyaurena, daga waje. Ko aikin ma ba a iya ba, noti ɗaya a karkace.

Sauran ba na takarda ba ne.

Ban fasa komai ba. Ni na rataya shi, na san ta inda ake sauke shi. Na ɗora a baro na turo, surukata da na tarar a kulle a ciki tana bayana da mayafi har kan hanci. Mai shagon da ke kwanar layi ya ce, Baba Kafinta, gyara za a yi? Na ce babban gyara kuwa.

Asabar, da rana

Fasto ya zo da dattawa biyu. Yaro ne mai kirki, sai dai karatu ya yi masa yawa, kafin ya kai ga magana sai ya zagaya gari. Na ba su benci. Nawa, wanda ba ya rawa. Ba irin waɗanda suka ba wancan kafintan mai injin ya yi wa coci bara ba, bayan na yi musu aiki kyauta tun ginin yana rumfa. Ban manta ba.

Babban dattijon ya ce, "Baba Kafinta, harshe da haƙori ma ana saɓawa."

Na ce, "Ana saɓawa. Ka taɓa ganin haƙori ya sa wa harshe kwaɗo?"

Ya ce abin da Allah ya haɗa kada mutum ya raba. Na ce ni ban raba aure ba, ƙyaure na raba da bango.

Abin da suke so ke nan: in mai da ƙyaure, in mai da yarinya, a yi addu'a a falo, a rufe magana. Saboda Auta shi ke jan mawaƙa, kuma bakin mutane ba shi da linzami. Fasto ya ce bari ya gan ta. Ta ce daga bayan labule kanta na ciwo. Na ce kun ji. Suka tafi. Ɗayan ya bar mini rabin ruwa a kofi kamar na ba shi guba.

Kawunta ma ya kira daga garinsu, ya ce ta yi haƙuri ta koma. Daga nesa kowa gwanin haƙuri ne.

Lahadi, bayan an tashi coci

Auta ya yi waƙa. Mata har da hawaye. Muryar uwarsa ce sak.

Litinin, da hantsi

Ƙyauren yana wurina.

Talata, da yamma

Yaya ya zo. Rabon da ya taka gidan nan tun rasuwar uwar Auta, amma labari irin wannan yana da ƙafa. Ya tsufa ƙwarai, sanda ke riƙe da shi. Bakin dai bai tsufa ba.

"Waliyyi," in ji shi. Haka yake kirana tun ranar da aka yi mini baftisma. "Na ji ɗan waliyyi ya fito da halin gida. Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?"

Na ce zauna, Yaya, kada ka faɗi a ce ni na ture ka.

Dariya yake har da tari. Wai na gudu na shiga coci, na wanke kai, na ƙi taɓa yaro ko da tsinke, ga shi jini ya biyo ni ta ƙarƙashin ƙasa kamar saiwa. Ya ce magani ɗaya ne. In kama Auta in shigar da shi ɗaki in ba shi kashin da zai tuna har kabari. Ya ce in na kasa in kira shi, har yanzu hannunsa na aiki.

Na ce na san yana aiki, bayana shaida ne.

Dole ka zauna ta damansa in kana so ya ji ka. Kunnen hagu Babanmu ya kashe masa, a kan akuya da ta ci wanki. Har yau in ka tambaye shi sai ya ce shi ya jawo.

A gidanmu ba a tsoron Allah, ba a tsoron hukuma, hannun Baba ake tsoro. In ya gama da Inna sai ya fito ya ja sakata daga waje, ya wanke hannu, ya ce a kawo masa abinci. Mu kuma mu kawo. Ba kukan ne ya zauna mini a kunne ba, Inna ba ta kuka. Ƙarar sakatar ce. Da Baba ya gaji Yaya ya karɓa, da Yaya ya fita ni ma aka ce in kula da ƙannena, an san abin da kula ke nufi. A gidan nan ban taɓa ganin namiji ya ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ƙafa ake sa mata.

Da zai tafi surukata ta miƙo masa ruwa. Ya kalli hannunta, ya kau da kai, ya ce mini, "Wannan ai bai iya ba ma." Na raka shi har titi don in tabbata ya tafi.

Laraba, da safe

Ban taɓa yaron nan ba. Ko sau ɗaya. Uwarsa shaida ce, Ubangiji, tana wurinka, ka tambaye ta. To daga ina?

Alhamis, da rana

Ina gyaran kujera, surukata ta fito ta zauna a bakin shago tana ɗinkin hannu. Na ɗaga guduma kawai. Sai na ga ta dunƙule, hannu a ka. Da ta gane sai kunya ta kama ta, ta ce ƙuda ne.

Na ce, 'yata, na san ƙudan nan, ya bi ni shekaru.

Sai na ba ta labarin maigidana. Na gudu daga gida gemu bai fito ba, na faɗa hannun wani kafinta, gajere, mai yawan waƙa a kan aiki, kuma bai iya waƙar ba. Wata rana ya ba ni katako mai tsada in yanka. Na yanka ba daidai ba, ya lalace. Na ga ya taho. Na durƙusa na rufe kai ina jira. Na jira, na jira. Da na ɗago sai na gan shi tsaye da wani katakon a hannu. Ya ce, "Me kake karewa, rufi zai faɗo ne? Tashi ka sake aunawa."

Wallahi haushi na ji. Na ɗauka raini ne, ko yana tara mini ne. Wata guda ina jiran ranar biya. Da ba ta zo ba na bi shi cocinsu don in ga abin da ake ba su suke sha.

Ban gane komai ba ranar, sai abu ɗaya. Mai wa'azi ya ce Yesu yana da ikon da zai shiga ko'ina, amma sai ya tsaya a waje yana ƙwanƙwasawa, yana jira a buɗe masa daga ciki. Na zunguri maigidana na ce, in ba a buɗe ba fa? Ya ce sai ya ci gaba da tsayuwa. Na ce ba ya sa ƙafa? Ya ce ba ya sawa. Na ce wane irin namiji ne wannan? Ya ce kafinta ne, irinmu, ya san wahalar yin ƙyaure.

Ni kuwa na daɗe ban buɗe ba, don ina da taurin kai tun asali. Ya tsaya. Shi ya sa nake na Yesu. Ranar da aka tsoma ni a ruwa na ce masa, ga hannun nan, na Baba ne, na ba ka, ka riƙe.

Sai ta ce, "Baba, ashe kai ma ka taɓa yanka ba daidai ba. Zan gaya wa mai injin." Na ce ki gaya masa ki ga wa zai ba ki shayi.

Ta yi dariya, dariyar ta taɓa inda ke ciwo, ta daina.

Lahadi, da yamma

An sa ni ƙarƙashin horo. An karanta a gaban jama'a: rashin biyayya ga dattawa, da shiga tsakanin miji da mata. Ba zan ci jibin Ubangiji ba sai na mai da abin da na ɗauka. An ce in koma bencin baya.

Bencin baya ni na yi shi, shi kaɗai ya rage cikin nawa. Na zauna daram kamar sarki ina kallon na gaba suna lilo.

Da aka zo da gurasa da ƙoƙo aka wuce ni. Ban ce bai yi zafi ba. Tun kafin a haifi Fasto nake ci a teburin nan. Amma teburin ba na dattawa ba ne, kuma mai teburin ya san inda nake zaune.

Auta ya karɓa. Na ga hannunsa.

Litinin, da safe

Idanunta sun faɗa. Na tambaya, ta ce labulen ne, in iska ta motsa shi sai ta ga kamar mutum. Ɗakin ba shi da ƙyaure tun jinyar marigayiya, na cire don in riƙa jin numfashinta daga shago. Gidan kafinta ke nan.

Talata, da azahar

Auta ya zo.

Talata, da yamma

Gudumata tana kan rufi. Ni na jefa ta.

Laraba, da hantsi

Leɓena ya kumbura, shayi ma da kyar. Mai shagon kwana ya tambaya, na ce ya tambayi wanda ya gani, layin duka sun gani.

Da baro Auta ya zo. Ya ce ƙyaurensa da matarsa. Na tsaya a ƙofar shago. Ya ce, "Baba, matsa." Na ce ban iya ba, tsufa. Abin da ya biyo baya ya biyo. Ina ƙasa, sai ga ni a tsaye, ban san yadda aka yi ba, gudumar tana sama, kuma hannun ya san hanya. Ya san ta sarai, kamar jiya ya bar gida. Yaron ya dunƙule, hannu a ka. Wanda ban taɓa duka ba. Wa ya koya masa wannan kuma?

Na ji ƙararta a kan kwano. Ya bar baron ya tafi.

Yanzu ni da kai ne, Ubangiji. Na ba ka hannun nan ka riƙe, jiya saura ƙiris ka sake shi. Kada ka ce mini gwaji ne, na tsufa da gwaji. Na yi maka benci, na yi maka mumbari, na reni yaro da baki ba da bulala ba, Yaya yana mini dariya shekara da shekaru, yanzu ka bar shi ya ci gari? Ban yarda ba. Ban bar ka ba, kada ka ɗauka haka, ba inda za ni. Amma ban yarda ba.

Alhamis, da safe

Ta ɗaure kayanta. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, zan koma. An hana ka jibi saboda ni, ɗanka ya ɗaga maka hannu saboda ni. Ya isa."

Na ce ba saboda ke ba ne, saboda kwaɗo ne.

Ta ce in ta koma komai zai lafa.

Na san irin lafawar. Inna ma ta lafa.

Abin da ya zo mini a rai, in tare hanya. In rufe ƙofar gida in sa makulli a aljihu har hankalinta ya dawo. Don alherinta. Hannuna har ya kai aljihu. Baba ma ai cewa yake don alherin Inna ne.

Na buɗe ƙofar gida har bango. Na ce, 'yata, ga hanya. Ban kore ki ba, ban riƙe ki ba. In kin tafi, duk ranar da aka sa wani kwaɗon zan zo in sauke, ko ƙyauren ƙarfe ne. In kin zauna, gidan ubanki ne. Na koma shago na kama goge katakon da ba ya bukatar guga.

Alhamis, da rana

Tana zaune a kan ƙullin kayan, a tsakar gida. Ba ta fita ba, ba ta shiga ba. Katakon ya kusa zama takarda.

Alhamis, da la'asar

Ta leƙo ta ce, "Baba, ƙyaurena zai shiga ƙofar ɗakin Mama?"

Ƙyaurena ta ce.

Na ce sai an rage yatsa biyu. Ta ce a rage.

Juma'a, da yamma

Ita ta kwance kwaɗon. Na ba ta sukudireba, hannu ɗaya take iya murɗawa, ta daɗe, ban taimaka ba. Da ya faɗo ta tambaya ina za a kai shi. Na ce ɗakin kaji na nema.

Muna cikin haka Fasto ya shigo, shi kaɗai, da kwat ɗinsa. Ya zo jin labarin Talata. Yau ba labule tsakaninsu, kuma ta naɗe hannun riga saboda aiki. Ya kalla. Ya kalli leɓena.

Can ya ce, "Baba Kafinta, ni ban ce hanyar da ka bi daidai ba ce."

Na ce ban tambaye ka ba. Guduma nake nema, tana kan rufi, gwiwata ba ta hawa tsani.

Ya cire kwat ya hau. Wandonsa ya yage a kwano, surukata ta ce ya kawo ta ɗinke. Shi ya riƙe mini ƙyauren na rataya. Riƙon ma bai iya ba, amma ya riƙe. Da zai tafi ya ce gobe zai zauna da Auta, kuma Lahadi wani ne zai ja waƙa. Maganar horona kuwa sai dattawa sun zauna. Na ce su zauna, in bencin ya bar su.

Ta shiga ta ja sakatar. Daga ciki. Ƙarar ɗaya ce da ta gidanmu, ƙarfe dai ƙarfe ne. Na tsaya ina jira ta mai da ni gidan Baba kamar kullum. Ba ta mai da ni ba.

Asabar, da hantsi

Har yanzu barci take. Na hana kaina buga ƙusa.

Litinin, da la'asar

Auta ya zo ɗaukar baronsa, in ji shi. Ya rame. Bai gaishe ni ba, ni ma ban mutu don rashin gaisuwarsa ba. Tana jin muryarsa ta shige ta ja sakata.

Ya tsallaka tsakar gida ya tsaya gaban ƙyauren. Ya ga ramukan noti inda kwaɗonsa yake da. Na zauna a benci, na sa hannuwana biyu ƙarƙashin cinya na danne. Ni na yi ƙyauren, na san ƙarfinsa. Ƙafa ɗaya mai kyau daga saurayi kamarsa, sakatar za ta fita da katakonta. Shi ma ya sani, a shagon nan ya girma.

Ya daɗe a tsaye. Na ga ƙafar ta motsa. Na ce a raina, Yesu kafinta, ga naka.

Sai ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa. A hankali, kamar mai tsoron katakon zai ƙone shi.

Ta ce, "Waye?"

Ya ce, "Ni ne."

Ta ce, "Na ji. Ba yau ba."

Ya tsaya kaɗan. Ya juya, ya ɗauki baronsa, ya fita. Tayar tana kuka, ban gaya masa ta sha mai ba.

Talata, da safe

Ban ce ya shiryu ba. Ƙwanƙwasa ba tuba ba ce, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ba a ce ka miƙa wa 'yar mutane shi ta riƙe ba. Ko za ta buɗe wata rana, ko ba za ta buɗe ba, sakatar tana gefenta.

Na aika wa Yaya a gaya masa, ta kunnen dama: jikan Baba ya ƙwanƙwasa ƙofa, an ce masa a'a, ya tafi da ƙafarsa.

Dattawa sun aiko wai har yanzu suna jiran ƙyaure. Su jira. Ba ya wurina.